Eto a Apapa: manhajar tana aiki, amma wa ke riƙe da lambar sirrinka?

Masu motoci da 'yan kasuwar Dawanau suna yawan tambayata wai shin wannan tsarin Eto na shiga tashar jirgin ruwa ta Apapa da Tin Can ya gyara wani abu kuwa, ko dai wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi ce kawai aka ƙara mana, to bari in amsa gaba ɗaya a nan in huta da maimaitawa. Mu harkarmu ta gida ce, 'yan tireloli ne ba wasu masu yawa ba, Baba ne ya fara, yanzu ni da Yayana muke juyawa, muna lodin riɗi da zoɓo wani lokacin citta mu kai Legas a fita da su waje, in an dace da kwantena mu juyo da ita Arewa don kar mota ta dawo wayam. Don haka daga kujerar mai mota nake magana, ba daga ofis mai sanyin AC ba.

Wanda bai ga Apapa a 2018 da 2019 da 2020 ba wallahi ba zai gane me ake nufi da gosulo ba. Tireloli da tankoki sun yi fakin a kan gadar Ijora, sun hau gadar Eko, sun miƙe ta Western Avenue har wajen Ojuelegba, kuma ba wai tsayuwar awa biyu ko uku ba, makonni ake yi. Direbobinmu a ƙarƙashin mota suke kwana, yaron mota ya kunna risho a gefen taya ya dafa taliya, a shimfiɗa kwali a yi sallah a bakin gada, ruwan alwala ma saye ake. Kuma layin nan da kake gani ba layi ba ne, wanda ya fi sakin kuɗi a shingaye shi ke gaba, kai da ka zo tun makon jiya kana kallo wanda ya zo da safen nan zai wuce ka da rakiyar masu kaki. A watan Mayun 2019 gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin share hanyar ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo, Kayode Opeifa na jagorantar aikin a ƙasa, an ɗan samu sauƙi sai abu ya koma gidan jiya. Zuwa ƙarshen 2020 an kai matsayin da ɗauko kwantena daga tasha zuwa cikin garin Legas kawai, ba Kano ba fa, cikin Legas, tana haura naira miliyan ɗaya. Wani zai ce ai ku masu motoci kun sha romo, a'a, motar da ya kamata ta yi sawu uku a wata ta yi ɗaya ina romon yake, kuɗin ma a shingaye yake zubewa.

Ran 27 ga Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, wato NPA, lokacin Hadiza Bala Usman ke shugabanta, ta fara Eto tare da wani kamfani mai zaman kansa da ake kira Trucks Transit Parks, TTP a taƙaice, su ke gudanar da manhajar. Yadda abin yake shi ne za ka yi rajistar kamfaninka da motocinka da lambobinsu, motar ta kasance tana da sitikar NPA ta lafiyar mota, in kaya za ka ɗauko sai da takardar sakin kaya ta tasha wadda kowa ke kira TDO, sannan ka yi bukin ka biya ta banki, a ba ka tikiti. Motar ba za ta doshi geti kai tsaye ba, za ta shiga ɗaya daga cikin garejojin da aka amince da su ta jira, daga nan a tura ta wurin jira na ƙarshe, sai tasha ta ce a shirye take sannan a sake ta. A farko Lilypond da ke Ijora ce babban wurin jiran, daga baya aka karkata ta ga kayan fitarwa har kwastam suka buɗe ofishinsu na kayan fita a can.

Farkon abin bai zo da daɗi ba, wannan kowa ya sani. Wata guda bai cika ba NPA ta dakatar da karɓar kayan fitarwa na mako biyu a cikin Maris na 2021, dalilin da suka bayar shi ne motoci na zuwa geti da kaya alhali takardu ba su kammala ba sai su toshe hanya. Masu riɗi da kashu sun ji a jikinsu ƙwarai, amma maganar gaskiya dalilin ba ƙarya ba ne, a lokacin mutane da yawa lodi suke fara yi mota ta kama hanya sannan a fara bin fom ɗin NXP na fitar da kaya waje a banki da takardar masu duba lafiyar amfanin gona, wai kafin mota ta isa an gama. Da can wannan dabara tana ci saboda ai mota za ta yi mako uku a gada ko ta yaya. Da manhaja ta zo sai asiri ya tonu.

Abin da ya fi burge ni a Eto ba ma raguwar gosulon ba ne, shaida ce. Ina zaune a Kano da wayata ina ganin an yi bukin ɗin mota kaza, ga risit, ga lokacin da ta shiga gareji, ga lokacin da aka sake ta. A da direba zai bugo ya ce Alhaji har yanzu muna kan gada a ƙaro kuɗin abinci da na shinge, ba ka da yadda za ka yi ka san gaskiya ne ko ya riga ya sauke ya ɗauki wani ƙaramin aikin cikin gari yana sakawa a aljihu, kuma shi ma direban kirki ba shi da yadda zai wanke kansa in ka zarge shi. Yanzu duk mun huta, rigimar da ke tsakanin mai mota da direba ta ragu sosai, shi kuma ɗan kasuwar da ya ba ka kayansa in ya bugo yana faɗa sai ka ɗauki hoton allon wayar ka tura masa ta WhatsApp ya gani da idonsa. Kuɗin da ake biya a manhajar ma ko ka ga ya yi yawa aƙalla ka san nawa ne tun kafin ka tashi kuma yana da risit, za ka iya sa shi a lissafin da za ka ba mai kaya, ba irin na goron da yau dubu biyar gobe dubu talatin ya danganta da fuskar wanda ka tarar ba.

Inda nake ganin ba a yi tunaninmu ba shi ne nisa. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ne, ka bi Kaduna ka gangara Neja, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ogbomoso, Ibadan, kuma duk mai bin hanyar ya san mota ɗaya in ta faɗi a wajen Mokwa ko ruwa ya ci wani kwalbati shikenan kwana ya ƙaru, ai mun ga yadda aka yi a 2017 da gadar Tatabu ta karye. Tikiti kuwa yana da wa'adi, don haka sai ka iya lissafi, in ka yi bukin da wuri ya lalace kafin ka iso, in ka bari sai an iso ka zauna jira. Mu abin da muke yi sai mota ta wuce Ibadan tukunna. Sannan komai da Turanci yake, direbobin tirela a Apapa kuwa da yawansu 'yan Arewa ne, wasu karatun allo suka yi ba boko ba, wasu ma ƙaramar waya ce a hannunsu mai tocila, to kaga dole su dogara da wani ya danna musu. Nan fa ƙofar ɓarna take.

Wani maƙwabcinmu a gareji, dattijo ne mai motoci fiye da namu, ya miƙa wa wani ejan a Legas komai, sunan shiga da lambar sirri da layin wayar da saƙo ke zuwa, shi dai a kira shi a ce an shiga. Ina zaune a benci kusa da shi rannan da yamma direbansa ya bugo, ya sa wayar a sifika saboda kunnensa ya ɗan yi nauyi, sai muka ji yaron yana cewa "Baba sun hana ni shiga, wai a kwamfutarsu motar nan ta riga ta shiga tasha tun jiya da daddare." Dattijon ya ce "Kai wace motar, ba kana cikinta ba?" Ya ce "Wallahi Baba ina cikinta, ga riɗin nan a baya ko tamfol ban kwance ba." Ashe ejan ɗin ya yi bukin da lambar motar, ya sayar da tikitin ga wani mai gaggawa a kan kuɗi mai kauri, aka buga lambar bogi aka liƙa wa waccan motar ta shige. Kafin a warware, jirgin da aka yi wa kayan bukin ya tashi, mai riɗin ya biya kuɗin jinkiri ya kuma jira wani jirgin, kuma tun daga ranar bai ƙara ba dattijon lodi ba. Wannan cuwa-cuwar tikiti da lambobin bogi ba a kansa aka fara ba, ƙungiyoyin masu motoci irin su AMATO sun sha kokawa a jaridu a kan ta da kuma shingayen karɓar kuɗi da suka ƙi ƙarewa. Amma a wannan karon manhajar ba ta yi laifin komai ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi, kamar ka sayi sabon kwaɗo mai tsada ne ka rataya a ƙofa sannan ka ba ɓarawo ajiyar mukulli.

Wannan ne ya sa muka zauna a gida, kuma nan ne nake so masu irin harkarmu su saurara da kyau don ya fi duk maganar manhaja muhimmanci. Kamfaninmu da a baki yake kawai, kuɗin mota da kuɗin cefane aljihu ɗaya, Yaya ne ke karɓar kuɗin lodi shi ke ba direba kuɗin hanya shi ke sayen dizal shi ke faɗin abin da ya rage, ba don yana cuta ba, haka aka taso aka gani. Muka je muka yi rajista sosai a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abin, ko mutum ɗaya ma zai iya buɗe kamfani kuma ƙananan kamfanoni ba a tilasta musu ɗaukar odita ba. Muka buɗe asusun kamfani daban. Sannan muka raba aiki, ni ke bukin a Eto kuma lambar sirri ba ta fita daga hannuna, ejan ɗinmu na Legas aikinsa takardu da zirga-zirga a ƙasa kawai, Yaya ke fitar da kuɗi amma sai ya ga bukin ɗin, ƙanwarmu da ta karanta akanta ita ke haɗa risit na manhaja da bayanan tiraka, na'urar bin sawu da ke jikin motoci, da takardar banki duk ƙarshen wata ta karanta a gaban Baba.

Ba a sha da daɗi ba fa. Ranar farko da ta tambayi wani kuɗin dizal da bai yi daidai da kilomitar da tiraka ta nuna ba Yaya ya tashi tsaye ya ce "Yanzu ni Auta za ta tuhuma, ni da na goya ta?" Baba bai ɗaga murya ba, ya ce "Zauna. Ni ma in na ɗauki kuɗin kamfani ta tambaye ni, ba kai take tuhuma ba, takarda take tambaya." Da aka bincika ashe wani gidan mai ne a hanya suke haɗa baki da yaron mota ana rubuta lita ɗari huɗu a zuba ƙasa da haka, shekara da shekaru ana yi ba wanda ya lura. Ku tuna a 2022 dizal ya tashi daga ɗari uku da wani abu ya doshi ɗari takwas, lita hamsin in ta ɓace a kowane sawu ba ƙaramar asara ba ce. Manyan kamfanoni suna da kundin ƙa'idojin shugabanci na 2018 da ya ce kar mutum ɗaya ya zama shugaban hukumar daraktoci kuma manajan darakta, mu ba mu kai nan ba, namu a tabarmar falon Baba ake yi, amma dai manufar ɗaya ce, mai kashe kuɗi daban mai dubawa daban.

Amfanin ya fito ta inda ban zata ba. Masu fitar da riɗi zuwa Japan da Chana da Turkiyya, da masu kai zoɓo Meziko, abin da ya fi damunsu ba arhar mota ba ce, ranar rufe karɓar kaya ta jirgi ce, in ka kuskure ta kaya su zauna cikin kwantena a zafin Legas da danshin teku, riɗi ya fara gumi, zoɓo ya dusashe, mai saye a can ya rage farashi ko ya ce bai so. Da suka ga muna iya cewa ranar kaza mota za ta shiga kuma ta shiga, ga inshorar kaya a hanya da sunan kamfani, ga asusun kamfani ba na wani Alhaji ba, sai manyan cikinsu da a da ba sa kallonmu suka fara kira. Motocin nan dai su ne, direbobin su ne, manhajar kuma kowa ita yake amfani da ita.

Kuma abin da ya faru a gidanmu shi ne dai ke faruwa a tashar gaba ɗaya in ka duba. Tun 2006 da aka ba 'yan kasuwa hayar tashoshin, NPA ta zama mai gida kawai, APM Terminals ke gudanar da wajen kwantena na Apapa, Tin Can kuma akwai kamfanoni daban daban, ga kwastam, ga 'yan sanda, ga LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Legas a kan titi, ga hukumar Shippers' Council da aka ba aikin sa ido kan farashi da hulɗar kasuwanci a 2014, ga kamfanonin jiragen da ya kamata su tanadi wuraren karɓar kwantenar da aka sauke. Eto layi kawai take tsarawa. In tasha ba ta kira ba mota ba za ta motsa ba, in kamfanin jirgi bai da wurin ajiye fankon kwantena to motarka ta zama sito kuma kuɗin ajiyar da mai kaya ya bayar yana narkewa kullum, in wani ya kafa shinge tsakanin gareji da geti manhaja ba ta da hannun da za ta ture shi. Ranar da abu ya cije sai ka rasa wa za ka kama, kowa na nuna na kusa da shi. Duk wanda ya zagi manhajar a irin wannan ranar ina fahimtarsa, amma ba a nan ciwon yake ba.

Abu ɗaya da zan yaba wanda mutane ba sa lura, an dakatar da Hadiza Bala Usman a watan Mayun 2021, wata uku bai cika da fara tsarin ba, mu duk mun ɗauka shikenan an binne shi tunda a ƙasar nan sabon shugaba ba ya son ɗan wani. Mohammed Bello-Koko ya zo ya ci gaba da shi, Abubakar Dantsoho ya karɓa a 2024 abin na nan. In maki zan bayar bakwai cikin goma, ɗaya daga cikin bakwai ɗin ma na wannan ɗorewar ne.

Sai dai kar a tattara duk yabon a ba Eto. An zuba kankare a titin Apapa zuwa Oshodi wanda kamfanin Dangote ya yi a madadin haraji, ana kwashe wasu kwantenoni ta ruwa da kwale-kwalen dako, layin dogo na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ya shiga har cikin tasha, tashar Lekki ta fara aiki a 2023 ta ɗauke wani kaso, sannan faɗuwar naira daga tsakiyar 2023 ta sa 'yan kasuwa da yawa sun rage shigo da kaya, motocin da ke neman shiga ma sun ragu. Su ma kwastam sun kawo tasu sabuwar manhajar B'Odogwu tun ƙarshen 2024, wannan sai masu kiliyarin, ejan-ejan da ke fito da kaya a kwastam, su ba da labarinta don ni ba ni ke zama gabanta ba.

Da za a tambaye ni me za a ƙara, a sa Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka a ciki har da saƙon murya, direba ya ji da kunnensa an ce motarka ce ta gaba ba sai ya nemi ɗan tsakiya ba. A riƙa turo wa mai mota saƙo kai tsaye duk lokacin da lambar motarsa ta ƙetare wani geti, da akwai wannan a wayar dattijon nan da tun cikin dare ya gano. Kuma a riƙa wallafa wa kowa ya gani kullum mota nawa kowace tasha ta nema, nawa aka saka, nawa suka shiga, don in lissafin bai haɗu ba a san ta wace ƙofa ragowar suka bi.

Masu tambaya ko tashar tudu ta Dala da Buhari ya buɗe a Kano a Janairun 2023 za ta raba mu da duk wannan, ni dai ina fata, a gama duba kaya da takardu a Zawaciki a rufe kwantena ta wuce kai tsaye abu ne mai kyau. Amma muddin sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano bai kammala ya haɗu da na kudu ba, kwantenar a bayan tirela za ta bi ta Mokwa, kuma in ta isa Legas sai an yi mata bukin.